Awon Sayni

Kalla ya zo shagona da hantsi,
takarda a hannu, zufa a wuya,
ya ce, "Tela, kashi na biyu ya taso,
bayan salla za mu kunna kamara."
Na ce, na farkon fa, saura jikka bakwai?
Ya yi dariya, ya sha ruwan randata,
wai jarumi ba ya mutuwa da bashi.

Su biyar ne, masu tsaron gada.
Bara waccan ni na tufatar da su.
Hamani shi ne Dorina,
sulkensa murfin tukunya ne daga Katako,
an bubbuge shi har ya zama ƙirji.
Fasuma ce Guguwa, mayafinta yadi tara,
sai yara biyu sun ja shi da zaren fatsa
kafin ya tashi a ce iska ce.
Tsahiru Hayaƙi. Lawali Gara,
mai cinye katangar azzalumai a labari,
a gida kuwa kuɗin haya ke cin sa.

Na buɗe littafin awo.
Hamani ya yi tumbi tun da ya samu gadin banki,
sulke ya ƙi rufuwa, muka ƙara murfi.
Fasuma ta zo da goyo,
ta ce a buɗe rigar ta gaba,
Guguwa ma tana shayarwa.

Sai shafi na biyar.
Sayni, wato Tsawa.
Kafaɗa arba'in da shida, hannu sittin da ɗaya,
ga rubutuna a gefe: a yi masa aljihun ɓoye,
don tsohuwarsa kan kira ko ana ɗauka.
Shi ya diro daga rufin kanti a Wadata
kan katifa uku, sau goma sha ɗaya,
yana tashi yana tambaya, "Ya yi?"
Damina biyu ke nan da ya hau motar Agadas.
Saƙo ɗaya daga Dirku: na iso, a sa ni a addu'a.
Daga nan shiru.

Kalla ya ce an riga an rubuta:
Tsawa ya tafi wata duniya neman ƙarfi,
ƙanensa zai gaji rigar.
Ya kawo wani ɗan lakwal daga Harobanda,
siriri kamar sillen kara.
"Rage ta," in ji shi.

Da dare wuta ta ɗauke.
Na ciji tocila, na shimfiɗa rigar a tebur,
shuɗiya, da zanen da na yanko
daga tsohon labulen matata.
Shekara talatin ina yanka yadin mutane,
almakashi bai taɓa yi mini nauyi ba.
Na sa yatsa a aljihun nan,
na fito da katin waya da aka kankare
da ƙwallon dabino guda.

Ban yanka ba.
Na naɗe kafaɗa ciki, na lanƙwasa hannu,
na kama da dogon ɗinki,
irin wanda ja ɗaya ke warwarewa.
Kalla bai san ɗinki ba, ba zai gane ba.

Ranar ɗauka, a bakin Isa,
masu wanki sun bar sabulu suna kallo.
Kwalekwale cike da kabewa ya ratsa ta baya,
aka ce a sake.
Yaron ya raɗa mini, rigar na danne masa kafaɗa.
Na ce haka take, za ka saba.

Kalla ya ɗaga hannu, ya sauke.
Suka rugo a jere, murafe na kwaramniya,
mayafi ya tashi, yaran zare na haki,
jaririn Guguwa ya tsala kuka a bayan ƴar'uwarta.
Ni ina gefen katifa, allura a baki,
ina ƙirga su kamar yadda na saba.
Na ƙirga sau biyu, biyar suka fito,
amma ban rufe littafin ba.